Ba Harsashin Yaro Kaɗai Ne Ya Cinna Wa Duniya Wuta Ba

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya zauna a aji aka koya masa tarihin Turai, ya ji malam yana cewa wani yaro ɗan ƙabilar Sabiyawa ne ya harbe ɗan gidan sarautar Ostiriya a garin Sarayebo cikin shekarar 1914, daga nan sai duniya ta kama da yaƙi. Haka aka koya mana, haka muka haddace, haka kuma muka rubuta a jarrabawa aka ba mu maki. To amma tun ina makaranta akwai abin da ya tsaya mini a rai. Yaya za a yi harsashi biyu daga hannun yaro ɗan shekara 19 su yi sanadin mutuwar soja fiye da miliyan tara, ban da farar hula? Hankalina bai ɗauka ba.

Da na bi labarin daki-daki, ga abin da na gano. Yaron ya yi kisa, kuma kisan gilla ne, babu mai wanke shi. Amma yaƙin kansa dattawa ne suka yi shi, masu furfura, masu lambobin girma a ƙirji, waɗanda suka zauna a ofisoshinsu har kwana 37 suna shawara, sa'an nan da hankalinsu suka zaɓi bindiga. Wannan shi ne abin da nake so mu duba yau, domin duk ranar da aka kashe wani babban mutum, makomar talakawa tana hannun waɗanda suka rage da rai, da abin da suka ga dama suka yi bayan an dawo daga jana'iza.

Tushen rigimar

Ruwa ba ya tsami banza. Sabiyawa mutane ne mazauna kudu maso gabashin Turai, a yankin duwatsu da ake kira Balkan. Cikin 1389 suka gwabza da rundunar Turkawa a filin Kosobo. Shugabansu Lazar ya mutu a wurin, Sarkin Turkawa Murad na Ɗaya shi ma ya mutu a wurin. Bayan wani lokaci ƙasar tasu ta faɗa hannun Turkawa, ta zauna ƙarƙashinsu shekaru ɗaruruwa. A duk tsawon wannan zamani mawaƙansu ba su bar yara sun manta da Kosobo ba. Suna waƙe wani jarumi da suka ce shi ne ya kutsa har wurin Sarkin Turkawa ya soke shi da wuƙa. Watau yaro yana tashi da sanin cewa wanda ya kashe sarkin baƙi gwarzo ne. Ranar tunawa da wannan yaƙi, bisa kalandar da muke aiki da ita, ita ce 28 ga watan Yuni. Ku riƙe wannan rana, za mu komo gare ta.

Daga 1804 Sabiyawa suka shiga yi wa Turkawa tawaye, har aka zo 1878 manyan ƙasashen Turai suka taru a Balin suka amince Sabiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Amma a wannan taron ne kuma aka ɗauki maƙwabtanta, watau lardunan Bosniya da Hazegobina, aka danƙa wa daular Ostiriya da Hangari ta riƙe. Wannan ya ƙona ran Sabiyawa ƙwarai, domin tun cikin 1844 wani ministansu mai suna Garashanin ya rubuta shiri cewa wajibi ne a tattaro Sabiyawa duka ƙarƙashin tuta ɗaya, kuma Bosniya na cikin lissafin.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mutanen Bosniya a cakuɗe suke. A ƙidayar 1910, cikin kowane mutum ɗari wajen 43 Kiristoci ne 'yan Otodoks, watau Sabiyawa, wajen 32 Musulmi ne, wajen 23 kuma 'yan Katolika ne, galibinsu Kuroshiyawa. Harshensu kusan ɗaya ne, kasuwarsu ɗaya, wani lokaci ma ƙauyensu ɗaya. Duk wanda ya ce ƙasar ta ƙabila ɗaya ce, to ya tsallake fiye da rabin mutanenta ke nan.

Ita kuma daular Ostiriya da Hangari, wadda hedkwatarta ke Biyana, tana da mutum sama da miliyan 50 masu harsuna fiye da goma. Tsoronta shi ne, in ta bari Sabiya ta janye mata dangin Sabiyawa da ke cikin daular, to gobe sauran ƙabilu ma kowa zai kama gabansa.

Cikin watan Yuni 1903 waɗansu hafsoshin soja suka faɗa fadar Belgired, babban birnin Sabiya, da dare, suka kashe Sarki Alexander da matarsa Draga, suka jefo gawarwakinsu ta taga. Gidan sarautar da aka kawar yana ɗasawa da Ostiriya, wanda aka ɗora kuwa ya karkata wajen Rasha. Cikin shugabannin wannan ta'asa akwai wani matashin hafsa mai suna Dragutin Dimitrijevic, wanda ake yi wa laƙabi da Apis. Ba a hukunta shi ba, sai ma ƙarin girma da ya yi ta samu har ya zama shugaban leƙen asirin soja. Ranar da ƙasa ta saka wa mai kisa da muƙami, ranar ta shuka abin da za ta girba.

Daga nan sai abubuwa suka yi ta ɓaci. Cikin 1906 Ostiriya ta rufe iyakarta ta hana shigo da dabbobin Sabiya, rigimar da aka laƙaba wa suna Yaƙin Alade. Cikin 1908 ta ce Bosniya ba riƙo ba ce kuma, ta haɗiye ta ɗungurungum. Cikin 1911 Apis da abokansa suka kafa ƙungiyar asiri mai suna Haɗin Kai ko Mutuwa, wadda aka fi sani da Baƙin Hannu. Sa'an nan a yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 Sabiya ta yi nasara, faɗin ƙasarta ya kusa ninkawa, mutanenta suka kai wajen miliyan huɗu da rabi. Samarin Bosniya suka ga cewa saura su.

Ranar Lahadin

Sarkin Ostiriya, Franz Joseph, tsoho ne ɗan shekara 83, yana kan gado tun 1848. Mai jiran gadonsa shi ne ɗan ƙanensa, Yarima Franz Ferdinand. Cikin watan Yuni 1914 Yarima ya tafi Bosniya duba atisayen soja, aka shirya zai shiga Sarayebo, babban birnin lardin, tare da matarsa Sophie ran Lahadi 28 ga wata, watau daidai ranar tunawa da Kosobo. Kuma an buga hanyar da zai bi a jarida kowa ya gani.

Waɗansu samari uku 'yan Bosniya da ke zaune a Belgired, Gavrilo Princip da Cabrinovic da Grabez, suka ƙulla za su kashe shi. Wani Manjo Tankosic, na hannun daman Apis, ya sa aka ba su libarba huɗu da bom shida da guba, aka koya musu harbi, ma'aikatan kan iyaka kuma suka taimaka suka ƙetare da su. A Sarayebo wani tsohon malamin makaranta mai suna Danilo Ilic ya ƙaro mutum uku, ɗayansu ma Musulmi ne. Su shida suka jeru a bakin titin da ke bin gefen kogi.

Da motocin suka taho da hantsi, na farko da na biyu suka kasa yin kome. Cabrinovic ya jefa bom, ya daki bayan motar Yarima ya faɗi, ya fashe a ƙarƙashin motar da ke biye, mutane da dama suka ji rauni. Ya sha gubarsa ba ta kashe shi ba, ya faɗa kogi ya tarar ruwan bai kai gwiwa ba, aka kama shi. Yarima ya wuce zauren magajin gari cikin fushi, aka yi jawabai. Da aka gama sai ya ce zai tafi asibiti ya gai da waɗanda suka ji rauni. Aka sake hanya, amma ba wanda ya gaya wa direbobi. Motar ta karya kwana ta shiga tsohuwar hanya, Gwamnan lardin, Janar Potiorek, ya daka wa direba tsawa ya ce ya ɓata, direba ya taka birki zai ja da baya. A nan daidai, kusa da wata gada, Princip yake tsaye. Ya matso ya yi harbi biyu. Ɗaya ya sami Yarima a wuya, ɗaya ya sami matar a ciki. Kafin tsakar rana dukansu sun cika, suka bar marayu uku.

Abin mamaki, wanda aka kashen shi ne babban mai hana yaƙi a fadar Biyana. Ba don yana ƙaunar Sabiyawa ba, sai don ya san taɓa Sabiya taɓa Rasha ne, kuma yana ganin hakan zai rusa sarautun biyu duka. Samarin sun kawar da mutumin da ke danne masu son a far wa ƙasar da suke yi wa kishi.

Tun daren ranar har kashegari aka tasam ma Sabiyawan Sarayebo. Aka farfasa kantunansu da gidajensu da makarantunsu, aka watsar da kaya a titi, aka kashe mutum biyu, 'yan sanda kuwa ba su yi wani abin kirki ba wajen hanawa. Mai kanti bai san Princip ba, bai ga libarba ba, laifinsa kawai sunan ƙabilarsa. Ku da kuke neman abinci a kasuwannin da ke nesa da gida, ba sai na yi muku dogon bayani a kan wanda yake fara biyan bashin da bai ci ba.

Kisa nawa aka yi ba a yi yaƙi ba?

Ga hujjata ta farko. A wancan zamani kashe shugabanni ba baƙon abu ba ne. An kashe Shugaba Carnot na Faransa cikin 1894, an kashe Sarki Umberto na Italiya cikin 1900, an kashe Shugaba McKinley na Amurka cikin 1901, an kashe Sarki Carlos na Fotugal cikin 1908, an kashe Sarki George na Girka cikin 1913. Babu ɗaya da ya jawo yaƙi tsakanin ƙasashe. Kai, shi kansa Sarki Franz Joseph, cikin 1898 wani mutumin Italiya ya soke matarsa Elisabeth a birnin Janeba ta mutu, amma Ostiriya ba ta ɗaura wa Italiya yaƙi ba. Aka kama mai laifi, aka kai shi kotu, aka ɗaure shi.

Ko a wannan karo ma, makon farko Turai ba ta girgiza ba. Aka binne Yarima da matarsa ba tare da wani gagarumin taro ba, sarakunan ƙasashen waje ba su halarta ba, manya suka ci gaba da hutunsu na bazara. To me ya bambanta wannan kisa da na baya? Bambancin shi ne a Biyana akwai masu jiran dalili. Babban hafsan sojan daular, Conrad von Hotzendorf, ya daɗe yana naci a murƙushe Sabiya tun kafin a san da wani Princip. Da ma mai neman kuka ne, aka jefe shi da kashin awaki.

Kwana talatin da bakwai

Yanzu ku biyo ni mu ƙirga kwanakin, ku ga sau nawa aka sami ƙofar fita aka ƙi bi.

Ran 5 da 6 ga watan Yuli, Ostiriya ta aika Balin tana tambayar ko Jamus za ta tsaya mata. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da shugaban gwamnatinsa suka ce ta yi duk abin da ta ga dama suna bayanta, watau suka ba ta wuƙa da nama. Daga nan Wilhelm ya shiga jirgin ruwansa ya tafi shan iska Norwe.

Ran 7 ga wata ministocin daular suka zauna. Firayim Ministan Hangari, Tisza, shi kaɗai ya ja da maganar yaƙi, daga baya shi ma aka shawo kansa. Shawarar da ta yi rinjaye ita ce a rubuta wa Sabiya sharuɗɗan da aka san ba za ta iya karɓa ba. Ran 13 ga wata jami'in da suka tura Sarayebo bincike ya bugo waya cewa bai sami shaidar da ta nuna gwamnatin Sabiya ce ta shirya kisan ba, ko da yake akwai hannun waɗansu jami'anta. Wannan bai sauya kome ba. Suka dakata ne kawai saboda sojoji da yawa suna hutun girbi, kuma Shugaban Faransa Poincare yana ziyara a Rasha, ba a so ƙawayen biyu su sami labari suna zaune wuri ɗaya.

Ran 23 ga wata da yamma aka miƙa takardar sharuɗɗa goma, aka ba da wa'adin awa 48. Ran 25 Firayim Ministan Sabiya, Nikola Pasic, ya kai amsa da hannunsa. Sabiya ta karɓi yawancin sharuɗɗan, waɗansu da 'yan kwaskwarima, amma ta ƙi yarda jami'an Ostiriya su shigo ƙasarta su shiga cikin binciken shari'a, kuma ta ce a kai abin da ya rage gaban kotun ƙasashe da ke Hague ko gaban manyan ƙasashe. Jakadan Ostiriya ya riga ya ɗaure kayansa. Ya duba takardar, ya ce ba ta gamsar ba, ya hau jirgin ƙasa a yammacin nan.

Ministan Harkokin Wajen Ingila, Edward Grey, ya nemi a yi taron sulhu, Jamus ta ƙi. Da Wilhelm ya dawo ya karanta amsar Sabiya ran 28 ga wata da safe, shi da kansa ya rubuta cewa dalilin yaƙi ya kau. Amma a ranar ce Ostiriya ta aika wa Sabiya sanarwar yaƙi ta wayar tangaraho, kashegari aka fara yi wa Belgired ruwan igwa.

Rasha kuma tana ɗauke da nata tabon. Japan ta ka da ita cikin 1905, an kuma tilasta mata ta haɗiye maganar Bosniya cikin 1909, saboda haka manyanta suka ce wannan karo ba za su ja da baya ba. Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya yi ta musayar waya da Wilhelm, suna kiran juna da sunayen wasa domin dangi ne, ya yi ta kai-kawo, daga ƙarshe ran 30 ga wata ya sa hannu a tara rundunar ƙasar gaba ɗaya.

A nan ne wani tsohon shiri ya ɗaure Jamus. Hafsoshinta sun daɗe da tsara cewa in yaƙi ya tashi da Rasha, to sai a fara gamawa da Faransa, ƙawar Rasha, cikin mako shida, ta hanyar ratsa Beljiyam, kafin Rasha ta gama shiri. Ba su tanadi wani shirin ba. Saboda haka ran 1 ga Agusta Jamus ta ɗaura wa Rasha yaƙi, ran 3 ta ɗaura wa Faransa, ran 4 sojanta suka faɗa Beljiyam. Ingila, wadda ta sa hannu tun 1839 a yarjejeniyar kare 'yan-ba-ruwancin Beljiyam, ta shiga yaƙin a daren ranar. An kashe mutum a Bosniya, ga shi an wayi gari ana ƙona ƙauyukan Beljiyam, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wani zai ce ai alkawuran ƙawance ne suka ja su, ba su da zaɓi. Ban yarda ba. Italiya ma tana da alkawari da Jamus da Ostiriya tun 1882, amma ta ce alkawarin na kare kai ne, Ostiriya kuwa ita ta fara kai hari, saboda haka ta zauna a gida a wannan shekarar. Zaɓi yana nan, zuciya ce ta hana. Kowane shugaba yana tsoron a ce ya ji tsoro, kowanne kuma yana zaton ɗan'uwansa ne zai fara sassautowa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke Sabiya ne. Makaman daga hannun hafsoshinta suka fito, ma'aikatanta ne suka buɗe iyaka, jaridunta sun daɗe suna hura wutar ƙiyayya, gwamnatin Pasic kuwa tana tsoron Apis da mutanensa har ta kasa taka musu birki. Bayan kisan ma ba ta yi hanzarin bincike a gida ba. Ostiriya tana da haƙƙin ta nemi a hukunta masu hannu, kuma da a nan ta tsaya, da duniya ta goyi bayanta. Kuskurenta shi ne ta bar masu laifi 'yan ƙalilan ta ce sai ta hukunta al'umma gaba ɗaya.

Kishin asali ba laifi ba ne. Mutum ya so harshensa da ƙasarsa, ya ƙi mulkin baƙo, wannan halin ɗan Adam ne, kuma talakawan Bosniya suna da koke na gaskiya, musamman manoma da ke noma gonakin da ba nasu ba. Amma kishin da ya koma hannun ƙungiyar asiri, wanda ke ɗaukar yaro ɗan makaranta ya ba shi bindiga da guba, shi kuma babba ya koma ofis ya zauna, wannan ya tashi daga kishi ya zama cin amanar yara.

Abin da aka girba

Princip bai cika shekara 20 ba a ranar kisan, dokar Ostiriya kuwa ta hana rataye wanda bai kai haka ba, sai aka yanke masa ɗaurin shekara 20. Tarin fuka ya cinye shi a kurkuku, aka yanke masa hannu, ya mutu ran 28 ga Afrilu 1918. An rataye Ilic cikin 1915. Shi kuwa Apis, gwamnatinsa ce da kanta ta harbe shi cikin 1917. Sabiya ta sha wuyar da ba ta misaltuwa. A ƙarshen 1915 aka mamaye ta, sojanta da talakawa suka gudu ta duwatsun Albaniya cikin ƙanƙara suna mutuwa a hanya, kuma lissafin Sabiyawa kansu ya ce sun rasa mutum sama da miliyan ɗaya. Daular Ostiriya da Hangari, wadda ta shiga yaƙi don kada ta wargaje, ta wargaje cikin 1918. Sarautar Rasha ta faɗi, ta Jamus ta faɗi, daular Turkawa ma ta bi su.

Wutar ba ta tsaya a Turai ba, ta iso har ƙofar gidanmu. A lokacin Kamaru da Togo suna hannun Jamus, Nijeriya kuwa watanni kaɗan ke nan da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a farkon 1914. Tun cikin watan Agustan nan aka tura sojan Nijeriya daga Yola zuwa Garwa, daga Maiduguri zuwa Mora. Harin farko a Garwa ya ci tura, aka kashe kwamandan da sojoji da yawa, garin bai faɗi ba sai cikin Yuni 1915. Dutsen Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai cikin Fabrairu 1916. Waɗanda ke harbin juna a ɓangarorin biyu yawancinsu baƙar fata ne. Daga baya aka kwashi dubban soja da 'yan ɗaukar kaya a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, da yawa ba su dawo ba. Bayan yaƙi aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, abin da ya sa su Mubi da Dikwa suka dawo ƙarƙashin Ingilishi, har aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zauna cikin Nijeriya. Ashe direban da ya ɓata hanya a Sarayebo yana da hannu a taswirar ƙasarmu.

An koyi darasi?

Sau ɗaya dai an koya. Bayan yaƙi Sabiyawa sun sami abin da suke nema, aka haɗa su da Kuroshiyawa da sauran dangi a ƙasa ɗaya cikin 1918, wadda aka sa wa suna Yugoslabiya cikin 1929. Ran 9 ga Oktoba 1934 aka harbe sarkinta, wani Alexander ɗin, a birnin Marseille na Faransa, Ministan Harkokin Wajen Faransa ma ya mutu a harin. Yugoslabiya ta zargi Hangari da ba maƙarƙashiyan mafaka. Kusan irin labarin 1914 ne, sai dai wannan karo Sabiyawa ne aka yi wa. Amma aka kai ƙara gaban Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta wancan zamani a Janeba, aka yi ta ja-in-ja, aka rufe maganar ba a yi yaƙi ba. Kisa iri ɗaya, sakamako dabam, domin masu mulki sun tuna da abin da suka gani.

Sai dai mantuwa halin ɗan Adam ce. Ran 28 ga Yuni 1989, shekara 600 cif bayan yaƙin Kosobo, shugaban Sabiya Slobodan Milosevic ya tara ɗimbin jama'a a filin nan ya sake tono tsohon miki. Cikin 1991 Yugoslabiya ta fara tsagewa, daga 1992 zuwa 1995 aka yi yaƙin Bosniya wanda ya ci mutum wajen dubu ɗari, aka yi wa Sarayebo ƙawanya kusan shekara huɗu, a garin Srebrenica kuma aka kashe Musulmi maza da samari wajen 8,000 cikin Yuli 1995. Cikin 2015 aka kafa wa Princip gunki a Belgired. Waɗansu na kiransa gwarzo, waɗansu na kiransa ɗan ta'adda.

To jama'a, abin da na ɗauka daga wannan labari ke nan. Babu gwamnatin da za ta iya rantsuwa cewa ba za a sami wani yaro mai zafin kai da bindiga ba. Abin da ke hannun mutane shi ne kwanakin da ke biyo baya. A kama wanda ya yi, a bi sawun wanda ya aike shi, a kai su gaban alƙali, a bar mai kanti ya buɗe kantinsa. Shugaban da ya ce a dakata a yi bincike ranar da kowa ke ihun ramuwa, za a kira shi matsoraci, amma shi ne mai ceton rayuka. Cikin Yuli 1914 an nemi irinsa a Biyana da Balin da fadar Rasha, aka rasa wanda zai tsaya da ƙafafunsa har ƙarshe. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, Yarima Franz Ferdinand kuwa da miliyoyin da suka bi bayansa sun isa shaida.

Allah ya kiyashe mu da fitina, ya ba shugabanni haƙuri a ranar fushi. Sai mun sake saduwa a wannan shafi.